Gurgun da Ya Ce Shi Ne Ya Je Rafi

An yi wani sarki a ƙasar Dargaza, a zamanin da babu wanda ya riƙe lissafin shekarunsa, sunansa Haliru. Mutum ne mai tsoron Allah, mai kaifin hukunci, wanda idan ya faɗi magana sau ɗaya ba ya son a sa shi ya maimaita. Wata damina annobar amai da gudawa ta shiga ƙasarsa, ta bi birni ta bi ƙauye, ta kwashe yara da tsofaffi, har masu haƙar kabari suka fara roƙon a taya su. Da ruwa ya ɗauke, sarki ya tara fadawa da malamai da masu magani, ya tambaye su ta ina wannan masifa ta shigo. Aka yi ta kewaye-kewaye, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce ƙaddara, har dai aka iso kan abin da kowace mai wankin tsumman jariri ta daɗe da sani: mutane suna zagayawa a bakin rafi da bayan gari, ruwan sama kuma yana wanko ƙazantar zuwa inda ake ɗiban na sha.

Sai sarki ya kafa doka a kan ƙasar gaba ɗaya. A kwashe juji a kai gonaki, a yashe kwata, a ɗaure bakin kowace rijiya, kuma kowane gida a haƙa salga. Don kada talaka ya fake da rashi, ya aika maginan fada da diga da sangwami su yi aikin kyauta. Ya naɗa duba-gari su riƙa zagayawa. Ya kuma ce duk wanda aka yi wa salga sannan aka kama shi ya ɓata bakin rafi, za a fitar da shi daga ƙasar shekara guda cur, ko wane ne shi.

Nan wata mas'ala ta taso. Duba-gari maza ne, namiji baƙo kuwa ba ya shiga cikin gidan matan aure. To, yaya za su ga salgar? Wazirin sarki, Ukashatu, mutum mai karatu da taushin zuciya, shi ya kawo mafita. Ya ce a haƙa kowace salga a gefen zaure, kusa da ƙofar gida, yadda mai duba zai leƙa ya wuce ba tare da ya keta hurumin kowa ba. Aka yaba masa ƙwarai, shi ma ya ji daɗin kansa. Maza goma sha biyu ne suka zauna suka yanke wannan shawara, kuma a cikinsu babu wanda ya koma gida ya tambayi uwarsa.

Shekara ta kewayo. Wata safiya, a wani ƙauye da ake kira Marke, duba-gari suka hango wani lulluɓe da zane ya taso daga bakin rafi da sauri, ya shige ta wata kafa a darnin bayan wani gida. Suka zagayo ta gaba, suka tarar da mai gidan a zaure yana tufkar igiya, wani tsoho mai suna Tanimu. Suka ce masa wani daga gidan nan ya karya dokar sarki. Tsohon ya ajiye ramar da ke hannunsa ya ce, "Ba sai kun nema ba, ni ne."

A kan jaki aka kawo shi fada. Da aka sauke shi gaban sarki, sarki ya ce ya miƙe ya matso. Tanimu ya dafa ƙasa, ya yunƙura, ya koma ya zauna. Ƙafafunsa sun mutu shekara bakwai ke nan, sun bushe kamar karan dawa.

Sarki ya ce, "Dattijo, tsakanin gidanka da rafi akwai nisa?"

Tanimu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mai lafiya yakan je ya dawo kafin tukunya ta tafasa."

"Tsakanin tabarmarka da salgar da na sa aka haƙa maka fa?"

"Taku huɗu ne, ranka ya daɗe."

"Kuma ka bar taku huɗu, ka tafi rafi?"

"Tsufa ne, Allah ya ja zamaninka. Tsoho yakan yi abin da shi kansa bai san dalili ba."

Sarki ya dube shi, sannan ya juya ga waziri ya ce, "Ukashatu, ga al'amari na ajiye a gabanka. Gurgu ya ce ya yi tafiyar da ƙafarsa ba ta iyawa, ya kuma amsa laifi da bakinsa a gaban shaidu. Idan na sake shi haka kawai, gobe kowane gida zai tura mini gurgunsa, doka ta zama wasa, makaburta ta sake cika. Idan na kore shi, na san ƙarya na hukunta. Ka mai da shi gidansa, na ba ka kwana uku ka kawo mini haƙiƙanin abin. In ka dawo hannu banza, zan riƙe shi da maganarsa, a fitar da shi."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya dubi tsohon, ya san cewa mai shekara tamanin da matattun ƙafafu, idan aka ajiye shi a bayan iyaka, ba shekara ba, ko wata guda ba zai kai ba.

Suka isa Marke washegari da hantsi. Gidan Tanimu ƙarami ne, amma ƙofarsa a share take tas, ko tsinke babu. Ɗansa Nomau ya tafi fatauci tun kaka, ba kowa a ciki sai matar ɗan da jaririyarta. Waziri ya ƙi masaukin mai gari, ya shimfiɗa buzunsa a zauren tsohon ya zauna.

Ya ce, "Baba, yanzu ba fada muke ba. Yaya ka je rafin nan?"

Tanimu ya ɗauki igiyarsa ya maƙala a babban yatsan ƙafa ya ce, "Da rarrafe."

"Gwiwoyinka ba su nuna ba."

"Na shafa musu man shanu."

"Zanen da aka gani fa, na mata ne."

"Sanyi ake yi, ranka ya daɗe. Mai jin sanyi ba ya tambayar zane na wane ne."

Waziri ya yi dariya ba da son ransa ba. Suna cikin haka sai ya ji motsi ta ƙofar ciki. Bai ga mutum ba. Hannu kawai ya gani ya turo ƙwaryar fura da ludayi biyu ta gefen bango, sai wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baba, sannu da dawowa. Ga ruwa."

Tsohon bai waiga ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi miki albarka." Da takun ya yi nisa, ya ce wa waziri, "Sahura ke nan, matar ɗana. Shekara shida tana gidan nan, in na haɗu da ita a kasuwa ba lalle na shaida fuskarta ba. Amma ban taɓa wayar gari ban tarar da ruwan zafi a bakin ƙofar nan ba, ko ranar da take naƙuda."

Labari ya bazu cewa wazirin sarki yana gari. Kafin azahar zaure ya cika da dattawa, mai gari da liman da sarkin noma, kowa da abin da ya riƙo, wannan nono, wancan dafaffen ƙwai, wani zogale da ƙuli. Waziri mutum ne da ba ya iya mai da hannun kyauta, sai ya yi ta ci. Cikin da ya saba da abincin fada kuwa bai karɓi wannan haɗi ba. Can sai ya ji cikinsa ya murɗa. Ya gyara zama, ya daure, ya ja carbi, gumi ya keto masa a goshi. Da abin ya ci tura, ya miƙe ya ɗauki buta.

Hira ta tsaya cak. Dattawa suka janye ƙafafunsu suka ba shi hanya, kowa ya kafa ido a ƙasa. Taku huɗu ne, amma waziri ya ji kamar ya ratsa kasuwa tsirara. Ya shiga, ya ja zana, ya tarar zanar nan ita kaɗai ce tsakaninsa da kunnuwan mutum goma. Sai ya ji liman ya ɗaga murya fiye da kima yana tambayar farashin gero, sarkin noma ya amsa da ƙarfi kamar suna faɗa, duk don su rufa masa asiri. Wannan alherin nasu ya fi komai ƙona shi. Da ya fito bai iya duban kowa ba. Shi namiji ne, babba, baƙo, gobe zai tafi ba za su sake ganinsa ba, amma ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya zauna ya dubi ƙofar cikin gida, ya dubi tabarmar tsohon, ya dubi salgar, ya ga babu hanyar da za a bi daga ta farko zuwa ta ƙarshe sai ta gaban ta tsakiya. A nan ya gane inda matsalar take.

Bayan la'asar mutane suka watse. Waziri yana zaune, sai muryar nan ta sake fitowa daga bayan bango.

"Ranka ya daɗe, ina neman izinin magana."

"Faɗi, baiwar Allah."

"Kada a kai Baba ko'ina. Ni ce aka gani."

Tanimu ya ci gaba da tufka. Ya ce, "Waziri, wani ya yi magana ne? Kunnen nan nawa na hagu ya daɗe da mutuwa."

Sahura ta ce, "Ranka ya daɗe, ka gaya wa Baba cewa kwanan baya ta wannan kunnen ya ji kukan akuya tun daga bayan masallaci."

"Ka gaya mata," in ji tsohon, "kunnen yana da ranakunsa."

"Ka gaya masa ba zan iya cin abinci a gidan nan ba idan yana can daji a yashe saboda ni."

"Ka gaya mata jaririya ba ta shan nonon tsoho. In aka kore ta, wa zai shayar? In ta tafi da ita, wa zai dawo da su? Kuma macen da aka yi shela da sunanta a kan irin wannan abu, ko ta dawo, da wane ido za ta je rijiya? Ni kuwa me ya rage mini? Duk inda aka ajiye ni zama zan yi, a nan ma zaman nake."

Waziri ya ji tana kuka a hankali, irin na wadda ta saba kada a ji ta. Da ta natsu ya tambaye ta, cikin ladabi, ko ba ta san dalilin dokar ba.

Ta ce, "Na sani fiye da wanda ya kafa ta, ranka ya daɗe. Ɗan farina a annobar nan ya tafi, a cinyata, tsakanin safe da yamma. Ba na zuwa inda ake ɗiba. Can ƙasa nake gangarawa, bayan mashayar shanu, da 'yar fartanyata, in haƙa in binne. Na san duk da haka ba daidai ba ne. Amma in ɗauki buta in ratsa ta gaban Baba, yana zaune, in shiga inda yake shiga, ya ji fitowata, wallahi ƙafata ba ta iyawa. Na gwada. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar nan ina komawa."

Tanimu ya ajiye igiyar. Bai ƙara yin kamar bai ji ba. Ya ce, "Na lura tun watan farko. Sai na sa maƙwabta suka riƙa ɗauka ta da safe suna kai ni gindin tsamiyar can, na ce iska nake so. Kwana biyar na yi. Ashe ta gane dalili, abin ya fi mata ciwo, ta aiko a ce mini in dawo inuwa, rana tana cin ƙafafuna. Waziri, salgar nan rahama ce a gare ni, ban taɓa samun sauƙi irin nata ba, Allah ya saka wa wanda ya kawo shawarar. Amma ita yarinyar nan, da ita da babu duk ɗaya."

Waziri bai gaya masa ko wane ne ya kawo shawarar ba. Ya tashi ya zaga bayan gari shi kaɗai kafin rana ta faɗi. Kowane darni ya duba sai ya ga 'yar kafa a jikinsa, daga kowace kafa siririyar hanya ta fito, hanyoyin suka haɗu suka zama turba guda mai faɗi wadda ta miƙe zuwa rafi, ta daddale kamar daɓe. Ƙafar mutum ɗaya ba ta yin wannan.

A rana ta uku fada ta cika. Aka ajiye Tanimu a inda aka ajiye shi da farko. Waziri ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, na samo mai laifi, kuma na zo da shi."

Sarki ya ce, "Ina yake?"

"Ga shi durƙushe a gabanka. Kai ka umarta a haƙa salga domin a tsare rayuka, umarninka kuwa daidai ne, babu aibi a cikinsa. Ni na ce a haƙa ta a bakin zaure, domin na tuna da kunyar mai duba, na manta da kunyar mai shiga. Zaure wurin zaman mai gida ne daga safe har yamma, a cikin gida kuwa akwai matan 'ya'yansa, waɗanda aka yi rainonsu tun suna goye a kan kada su ɗaga ido a gabansa, kada su kama sunansa, kada su ci abinci yana gani. Mu muka koya musu haka, muna kuma yabonsu a kai. Sannan muka zo muka ajiye musu buƙatarsu a inda ba sa isa sai sun taka wannan tarbiyya, muka ce wadda ta kasa a kore ta. Idan sarki ya yarda, ina da tambaya guda."

"Yi."

"Allah ya ja zamaninka, da a ce mahaifiyar uwargidanka tana zaune a ƙofar ɗaki da baƙinta, kai kuma babu hanya sai ta gabanta, da buta a hannunka, za ka wuce?"

Dogarai suka dubi juna. Sarki ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Da na haƙura har ta tashi."

"Tsohon nan ba ya tashi, ranka ya daɗe."

Sarki ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na ji. Amma wa aka gani a bakin rafin? Ka san sunan?"

"Na sani, kuma ba zan yi wa sarki ƙarya in ce ban sani ba. Ina roƙon a bar shi a cikina. Na ga turbar da ke bayan Marke, rabin garin ne ya daddale ta, kuma ina zaton kowane gari a ƙasarka yana da irinta. In za a kori ɗaya, adalci ya wajabta a kori duka, a fara da ni."

Sarki ya juya ga Tanimu ya ce, "Dattijo, ka yi mini ƙarya a gaban jama'a."

Tanimu ya ce, "Na yi, Allah ya ba ka nasara. Ina neman gafarar Allah da taka. Amma kada in ƙara wata a kai: in aka sake tambaya ta, abin da zan faɗa ke nan."

Sarki ya yi murmushi, abin da fadawa ba su cika gani ba. Ya ce, "Na yafe. Roƙi abin da kake so."

"Abu biyu ne. Kada a sake tambayar ko wane ne, har abada. Sannan a ara mini magina kwana biyu, akwai wani lungu a bayan ɗakin girki, nesa da rijiya."

Nan take sarki ya yi hukunci. Ya ce dokar rafi tana nan daram, ba a sassauta ko kaɗan ba, amma ba za a kama kowa da ita ba sai an haƙa salga ta biyu a ƙuryar kowane gida, a wurin da matan gidan suka nuna da hannunsu, da katangar ƙasa, ba zana ba. Ta bakin zaure a bar wa maza da baƙi. Ya ce a naɗa tsofaffin mata da ungozomomi su zama duba-gari na cikin gida, tunda su babu ƙofar da ake hana su. Ya ba Tanimu jaki da shimfiɗa da buhun gero goma. Waziri kuwa, sarki ya cire alkyabbar da ke kafaɗarsa ya yafa masa, ya ce, "Masu kawo mini laifin wasu suna da yawa, har na gaji da su. Yau na ga wanda ya tafi neman mai laifi, ya same shi a cikin rigarsa, bai kuma sake shi a hanya ba."

A Marke aka fara aikin, waziri da kansa ya raka magina. Da aka gama, tsofaffin mata suka shiga suka duba suka fito suka ce ya yi. Yana shirin hawa doki sai aka miƙo masa wani ƙunshi daga cikin gida, ya buɗe ya ga daddawa ce, mai kyau, an naɗe ta a ganye. Tanimu ya ce, "Karɓi, ba ta da abin da ya fi wannan. Ta ce in gaya maka yau ta yi barcin safe."

Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta rufe turbar bayan gari, masu haƙar kabari suka koma gonakinsu. Sarki Haliru kuwa, har ƙarshen mulkinsa, idan aka kawo masa sabuwar doka ya sa hannu, yakan ce a dakata tukuna, a je a tambayi wanda zai ɗauke ta a kansa. Domin adalci ba ya cika da kyawun umarni kaɗai. Sai mai mulki ya taka da ƙafarsa hanyar da ya ce talaka ya bi, in ya ga ba ta biyuwa, ya gyara hanyar kafin ya ɗaga bulala.